Ajiyar Goggo Loreta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai mu ya kuma dawo da mu da mutuncinmu. Matan unguwarmu nan Dutsin-Ma ne suka matsa mani in rubuta zaman da muka yi a Amurka, don duk wadda ta shigo sai na sake mata labarin daga farko, har tuwo ya kama a tukunya. Ni ba mai zurfin boko ba ce, firamare na gama a Kurfi sai Islamiyya, don haka a karanta da haƙuri. Sunana Murja. Maigidana, Malam, yana koyarwa a jami'a, shi aka tura karatun dakta. Ya yi shekara guda shi kaɗai, sannan ya zo ya ɗauke mu ni da ɗiyata Ummi, lokacin tana da shekara ɗaya da rabi.

Abu na farko da idona ya sauka a kai da muka fito daga jirgi shi ne ƙugun matar da ta buɗe mana jaka. Bindiga ce maƙale, ita kuwa tana ta murmushi tana yi wa Ummi wasa. Ni da na baro Kurfi a lokacin da in an ji ƙarar babura da yawa kowace uwa ke neman ɗanta, sai na ƙanƙame Ummi har ta yi ƙara. Matar ta ƙwace kilishin da Inna ta ƙulla mani, ta shinshina daddawa ta kau da kai, ta bar mani ita da kuka da yaji. Malam ya ce in gode Allah, wasu ko kukar ba a bar masu.

Masaukinmu na farko wani ɗan ƙasarmu ne ya samo. Ya turo wa Malam hotunan falo mai haske da kicin mai taga biyu, Malam ya saki ɗakin ɗalibai da yake ciki ya amince mashi. Da muka isa sai aka nuna mana matakala mai gangarawa ƙasa. Hotunan na gidan sama ne, mu namu yana ƙarƙashin ƙasa. Mutumin bai ƙara ɗaukar waya ba. Tagar ɗakin guda ce, daidai da hanyar da ake takawa, don haka ƙafafun mutane kawai nake gani. Wata uku na yi ina sanin maƙwabta da takalmansu: mai jan takalmi da kare, mai ɗingishi da ke wucewa bayan azahar, yara biyu masu tsalle. Malam ya fita tun safe sai magariba. Ba sallama, ba mai aiko a ara mashi turmi, ba kiran salla sai na waya. In kewa ta ishe ni sai in jiƙa daddawa a ruwa in ajiye gefe, don ɗakin ya yi warin gida. Da sanyi ya shigo bango ya fara tsatsafo da ruwa, Ummi ta kama tari. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin firgita, ko atishawa ta yi sai na taɓa goshinta sau goma. Malam ya ga ba dama, ya nemo mana wani wuri.

Sabon gidan bene ne mai ƙofa huɗu, mu muna sama. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce baƙar fata, Loreta, ta kusa sa'ar Innata ko ta ɗan girme ta. Ranar da muka tare ta ga Ummi da 'yar rigar sanyin da ba ta kai ta kawo ba, ta auna ta da tafin hannu. Kwana biyu sai ga ta da riga mai kauri da ta ɗinka da kanta. Na rasa da me zan kira ta, don bakina ba zai iya kama sunan babba gatsau ba, sai na sa mata Goggo. Ta tambayi Malam ma'anarsa, ya ce 'yar'uwar uba ce. Ta ce ta karɓa.

Turancina na firamare ne, nata kuma mai ja ne kamar tana waƙa, amma muka fahimci juna. Ita ta koya mani injin wanki da shiga bas, ta nuna mani kantin da ake samun kuɓewa. A babban kantin da muke sayen shinkafa na ga an jera bindigogi cikin gilashi kusa da ƙugiyoyin kamun kifi, wani na ɗagawa yana leƙawa kamar mai zaɓen rake. Na ja hannun Goggo muka sauya layi. Na kai mata tuwo da miyar kuka, ta ci loma uku don kara, idonta na ruwa saboda yaji. Ita kuma takan kawo mani dafaffen ganye, bayan ta rantse mani da hannu a ƙirji cewa ba naman alade a ciki. Daga nan zaman ya fara yi mani daɗi. Har ƙiba na yi.

Tana da jika, Dariyus, wanda ta raina tun yana jariri. Zai yi shekara ashirin da bakwai. Bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, yana aiki wurin masu gyaran taya. Ni dai ban ga aibunsa ba, in ya gan ni da buhun shinkafa sai ya karɓa ya hau da shi, kansa a ƙasa. Sau ɗaya na ji suna ɗaga murya shi da kakarsa, ya fito ya buga ƙofa.

Washegarin wannan rigimar, da hantsi, Malam ya tafi makaranta, Goggo ta ƙwanƙwasa. Tana rungume da wani ƙaramin akwatin katako irin wanda take zuba zare da almakashi, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Ta ce, a hankali yadda zan gane, “Ki ajiye mani. Kada ki faɗa wa kowa.”

Na sa hannu biyu na karɓa. Ko daƙiƙa ban yi tunani ba.

Ku da za ku karanta kun san dalili. Ɗakin Innata a Kurfi rabin ajiyar unguwa na ciki: ƙullin wannan, kwallar waccan, akwatin wata da ta tafi Legas shekara bakwai ba ta waiwayo ba. Ban taɓa jin Inna ta ce me ke ciki ba, ban taɓa ganin ta kwance ƙulli ba, Baba kuwa bai san da ko ɗaya ba, don ajiyar mata ba ta bi ta kunnen maigida. Wadda ta kawo maki ajiya ta zaɓe ki ne cikin mata. Gaskiya ma daɗi na ji, na ce ashe a garin nan akwai wadda ta ɗauke ni mutum.

Na ɗora shi saman sif, bayan akwatunanmu, inda hannun Ummi ba zai kai ba. Lokacin da nake ɗagawa wani warin mai ya bugi hancina. Babana maharbi ne, da man keken ɗinki yake goge bindigarsa adaka, na tashi da wannan warin. Gabana ya ɗan faɗi. Sai na ce wa kaina, to ai Goggo tela ce, akwatin tela me zai yi in ba warin man keke ba? Na sauko na wanke hannu na ɗora girki.

Wata huɗu akwatin na nan. Ƙanƙara ta narke, itatuwa suka yi fure, Malam ya shiga rubutun ƙarshe, saura mashi wata takwas.

Wata Talata bayan la'asar, Malam na gida, na hango mota ta tsaya, mace da namiji suka fito da riguna masu manyan haruffa a baya. Suka shiga wurin Goggo suka daɗe. Da suka fito sai suka buga tamu. Malam ya tsaya bakin ƙofa suna magana, ni ina bayan labule da Ummi a goye. Na ji macen ta tambayi matar gidan, Malam ya ce ba ta jin Turanci. Ta miƙa mashi kati suka tafi.

“Su wane ne, Malam?”

“Jami'an gwamnatin tarayya ne, masu bin sawun bindigogi. Ba 'yan sandan gari ba, waɗannan sun fi su.” Ya koma kan takardunsa yana ba ni labari kamar na wasu can. Wai akwai wani kanti da ke sayar wa mutane bindiga alhali ya san wasu za su miƙa wa. Wata budurwar Dariyus ta sayi ɗaya da sunanta ta ba shi, shi kuwa wanda ya taɓa zaman gidan yari doka ta hana shi riƙewa. Sun bincike ɗakinsa ba su gani ba, kakarsa ta ce ba ta san komai ba. “Na ce masu mu ba mu taɓa ganin ko mai kama da ita ba. Allah ya raba mu.”

Ban amsa da amin ba. Ya ɗago.

“Lafiya?”

“Malam, akwai ajiya a saman sif.”

Ya hau kujera ya leƙa. Ya kai hannu zai jawo, sai ya janye kamar ya ga maciji. Ya sauko ya zauna a ƙasa, shi da ko a gidan surukai sai an yi da gaske yake zama a tabarma.

“Wata nawa?”

“Huɗu.”

“Wata huɗu muna kwana ƙarƙashinsa, Murja, ba ki ce mani uffan ba?”

“Ajiya ce. Ta ce kada in faɗa.”

“Ni ne kowa?”

“Hajiyarku tana faɗa wa Alhaji abin da mata ke kawo mata?”

Sai ya bar wannan zancen ya yi mani bayanin doka. Ɗan ƙasa yana iya tara bindiga goma a ɗaka ba mai ce mashi kanzil. Amma mu masu bizar karatu, dokar tarayya ta hana a samu ko harsashi ɗaya a hannunmu. In an samu, ɗauri ne na shekaru, sannan kora. Karatunsa ya tashi a banza. Kuma yanzun nan ya ce wa jami'ai babu.

“Ummi fa?” na ce.

Ya kau da kai.

“Malam, Ummi fa?”

“In suka tafi da mu duka biyu, hukuma ce za ta ba wasu riƙonta, sai an gama shari'a.”

Na kwanto ta daga baya na rungume a gaba. Tana ta ja mani ɗankunne tana dariya.

Malam ya ce akwai kogi bayan gari, a sa a jaka a jefa. Shi da kansa ya warware, ya ce ko'ina kyamara ce, in aka gan shi ya zama mai ɓoye shaida. Ya ce a ajiye mata a bakin ƙofarta. Na ce in Dariyus ne ya fara fitowa fa? Can na miƙe na ɗauki mayafi.

“Ina za ki?”

“Wurin mai kaya.”

“Har yanzu ta mai kaya kike yi?”

“Ita ta ba ni, Malam. Ba zan miƙa wa wani ba, ba zan zubar ba, sai ta ce. Ka zo ka yi mani tafinta.”

Muka same ta zaune gaban keken ɗinki, ba ta ɗinka komai. Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba. Na ce Malam ya tambaye ta, ba don ina zarginta ba, me ke cikin akwatin. Ta cire tabarau ta ce bindigar Dariyus ce. Ta tsince ta cikin takalminsa. Ta san wanda yake nema da ita, ta kuma san in ya fita da ita ɗayan biyu ne, ko ya kashe ko a kashe shi. In ta kai wa hukuma, ta mayar da shi gidan yari da hannunta. In ta jefa a shara, yaran unguwa na tone-tone. In ta bari a ɗakinta, zai gano. “Sai na duba duk garin nan, wa zan ba abu ya ajiye bai buɗe ba? Ke kaɗai na gani.”

Malam ya faɗa mata abin da doka ta ce a kanmu. Na ga fuskarta ta sauya tun bai kai ƙarshe ba. Wallahi ba ta sani ba. Ta ce ita ta ɗauka a ƙasar nan kowa ma yana iya ajiye bindiga in dai bai taɓa laifi ba. Ummi ta zame daga jikina ta haye cinyarta tana wasa da igiyar tabaran. Goggo ta daɗe tana kallon tsakar kan yarinyar.

“Yaushe Dariyus ke dawowa?” Malam ya tambaya.

“Ƙarfe bakwai.” Ta jawo waya. “Akwai lauya a cocinmu, shi zan fara kira. Sannan in kira matar nan mai kati. Kada ku taɓa akwatin, ko ƙurar kansa kada ku share.”

Na ce, “Goggo, Dariyus fa?”

Wannan ba ta jira tafinta ba. Ta ce, “Nawa ne. Ni zan ji da shi. Wannan yarinyar kuma taki ce.”

Kafin magariba jami'an suka dawo tare da lauyan. Suka ɗauki hoton saman sif, suka ɗauki hoton ƙurar da ta kwanta a kan salatif, sannan suka sauke da safar hannu. A gabanmu aka yanka. Ga ta nan naɗe cikin tsumman atamfar da na taɓa ba Goggo, baƙa, ƙarama, ba ta kai rabin adakar Baba ba. Ba su tafi da mu ba, amma sun karɓi fasfo ɗinmu, suka ce mu zo ofishinsu a babban birni ranar Litinin. Dariyus a wurin aiki suka ɗauke shi.

Tafiyar awa biyu ce a mota. Lauya ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai, kuma kada in yi ƙarya. Aka raba ni da Malam, Ummi na wurinsa, lauya ya shiga tare da ni. Ɗakin ba taga, tebur ne da waya a tsakiya. Macen nan mai kati ta danna, sai na ji murya ta fito tana cewa, “Salamu alaikum, Hajiya, ni ne tafinta.” Hausa irin tamu, har da jan harshen. Hawaye suka zubo mani.

Na ce mashi, “Malam, daga ina?”

“Maraɗi. Ke fa?”

“Kurfi.”

“Ashe ta gida ce. Ina gajiya? Ya baƙunta? Ya mai gidan, ya yara? Ya muka ji da sanyin mutanen nan?”

Muna cikin haka jami'ar ta tambaye shi me nake cewa tun ɗazu. Ya ce mata gaisawa muke. Ta ce a fara aiki. Ya ce mani, “Hajiya, ta ce gaisuwar ta isa, ko rabi ba mu yi ba.” Na yi dariya da hawaye a fuska, ƙirjina ya ɗan saki.

Ta tambayi ranar da aka kawo, da inda na ajiye, da ko mijina ya sani. Sannan ta aje biro ta dube ni.

“Wata huɗu akwati na ɗakinki, ba ki buɗe ba, ba ki tambaya ba. Ki faɗa mani yadda zan yarda da wannan.”

Na ba ta labarin ɗakin Inna. Na ce a wurinmu wadda ta buɗe ajiya, ko allura ba ta ɗauka ba, ta gama zubar da mutuncinta, har ɗiyanta sai an yi masu gori. Tambaya kuma kamar ki ce wa mai kayan ba ki yarda da ita ba ne. Tafinta ya juya mata, na ji ya daɗe fiye da yadda na yi, ina jin ya ƙara da nasa.

“Ko sau ɗaya ba ki yi zaton bindiga ba ce?”

Lauya ya gyara zama. Na san in na ce a'a, magana ta ƙare. Amma na yi alwala kafin in shigo, kuma matar nan ido take kallona.

“Ranar da na karɓa na ji warin mai irin wanda Babana ke goge bindigarsa ta farauta. Gabana ya faɗi. Amma man keken ɗinki ne Baba ke sawa, ita kuma tela ce. Sai na bar zuciyata a kan keke.”

Tafinta ya ce, ƙasa-ƙasa, “Hajiya, in juya mata haka?”

“Juya mata, Malam.”

Ya juya. Lauya ya rufe ido. Ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta ce ita ba ta yanke hukunci, lauyoyin gwamnati ne za su duba. Ta ce dokar da take aiki da ita ba ta san al'adar ɗakin Innata ba, amma za ta rubuta abin da ta gani: salatif ba a taɓa ba, kuma daga ɓangarenmu aka kira su.

Sati shida muka yi muna jira. Ban yarda Ummi ta yi nisan hannu da ni ba, har wanka da ita nake shiga. Na haɗa mata 'yar jaka na rataye bayan ƙofa, na sa Malam ya rubuta takarda da Turanci na cusa ciki: ba ta cin alade, tana son kunu da ɗumi ba zafi ba, ba ta barci sai an shafa mata baya, in ta ce “mamma” ruwa take nufi. Malam bai ƙara yi mani faɗa ba ko sau ɗaya. Goggo kullum sai ta shigo da safe ta zauna tana tsefe wa Ummi kai.

Ranar wata Alhamis ina tankaɗe lauya ya kira Malam. Ba za a gurfanar da mu ba, ba za a gurfanar da Goggo ba, mu zo mu karɓi fasfo. Na ajiye rariya na yi sujada nan kan tayil ɗin kicin, gari duk a goshina. Sannan na sauke jakar bayan ƙofa na mayar da kayan cikin sif.

Dariyus kuwa an mayar da shi gidan yari. Na kasa haɗa ido da Goggo kwana biyu, sai ita ta kama haɓata ta ce, “Yanzu na san inda yake kwana, kuma yana numfashi. Ki daina.” Duk wata takan je ganinsa. Sau ɗaya ta dawo ta ce yana gaishe da mai shinkafa.

Kafin mu taho aka yi taro a zauren cocinsu wata Asabar da rana, kan a gyara dokar bindiga. Malam ya ce mu baƙi ne, kada in sa baki. Na ce jaka kawai zan riƙe wa Goggo. Ya biyo mu, muka zauna can baya yana raɗa mani abin da ake cewa. Wata mata ta tashi da hoton ɗanta, an harbe shi da bindigar da ta fito daga kantin nan da aka sayo ta Dariyus. Ta ce jami'an sun yi kaɗan, kanti sai ya shekara da shekaru ba a leƙa littafinsa ba, a ƙara masu mutane da ƙarfi. Wani Bature mai gemu, maharbi, ya ce shi hukumar ce ma bai yarda da ita ba, mai gaskiya take wahalarwa kan kuskuren cika takarda, ɓarawo kuwa ba ya cika takarda. Aka yi mashi ihu, wasu suka tafa. Na ce wa Malam, wannan ai zancen Baba ne, ranar da aka karɓe adakun 'yan sa-kai a hanyar kasuwa, na daji kuwa suna yawo da manya. Ya ce in yi shiru.

Sai Goggo ta miƙe, ba takarda a hannunta. Ta ce ita ba ta san a ƙara ko a rage ba. Abu ɗaya take roƙo, a yi wa doka ƙofa. In uwa ko kaka ta raba ɗanta da bindiga, a samu inda za ta kai ta ajiye ba tare da ta zaɓa tsakanin ɗaure shi da binne shi ba. Ta ce don babu wannan ƙofar ta kai wa baƙuwa, ta kusa raba ta da ɗiyarta. Ba ta nuna ni ba, ba ta faɗi sunana ba. Mai gemun nan ma ya gyaɗa kai. Har muka baro ƙasar ban ji an sauya komai ba, sai dai an rufe kantin.

Malam ya gama karatunsa lafiya. Ranar da aka sa mashi hula Goggo ce ta riƙe Ummi, ta fi kowa guɗa irin tasu. Yanzu duk Juma'a muna gaisawa ta waya, Ummi na yi mana tafinta.

Sati biyu da dawowarmu muka je Kurfi gaisuwa. Na ba su labarin duka a tsakar gida. Baba ya ce da shi ne, daga nauyin kawai zai gane. Inna ta ce, “Ka gane ka yi yaya? Ka buɗe kayan mutane?” Ta juyo gare ni. “Ba ki buɗe ba dai ko?”

“Ban buɗe ba, Inna.”

“To madalla.” Ta ci gaba da tsinkar zogale. Malam ya dubi Baba, Baba ya dubi sama.

A hanyar komawa Dutsin-Ma, mun wuce gonakin gero Ummi ta yi barci a cinyata, Malam ya rage gudu ya ce, “Murja, tsakaninki da Allah, akwai wani abu a saman sif ɗinmu yanzu?”

“Akwai.”

Motar ta ɗan karkace. “Na wa?”

“Ajiya ce, Malam.”

“Kin buɗe?”

“Allah ya kiyaye. Amma na ce mata ta ƙulla a gabana.”

Ya yi tafiya mai ɗan nisa. Sannan ya ce, “To me ke ciki?”

“Wannan kuma tsakanina da mai kaya ne. Ka dai kwanta da hankalinka, ba ya warin mai.”